Ranar da Aka Sare Dawar Alhaji

Tani ta ture ƙyauren bayan gida da gwiwa, daro a kai, ta sa ƙafa waje, sai ta tsaya cik. Dawar Alhaji Sabo babu ita. Shekaranjiya tana nan a tsaye, ta ɗara tsawon mutum a kan jaki, yau kuwa 'yan ƙwadago sun sare ta ƙaf, sun kwantar da karan layi-layi. Gonar ta zama fili fetal. Daga inda Tani take tana hango shuɗiyar ƙofar shagon Alhaji, da bencin da ke ƙarƙashin darbejiya, da Alhajin kansa a zaune da farar hula yana murɗa rediyo. In dai tana ganinsa, to shi ma yana ganinta.

Maƙwabciyarta Zakiyya, wadda suka saba tafiya tare, ta ɓullo daga nata lungun da buhu a naɗe a hammata. Ta dubi gonar, ta dubi Tani.

"Shi ke nan, rani ya shigo," in ji Zakiyya. "Sai kuma baɗi, in muna da rai."

Shago ɗaya ne tal a Tudun Marke, na Alhaji Sabo. Na biyu yana can bakin kwalta, kan hanyar Makoda zuwa Ɗanbatta, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, wurin wani Sama'ilu. Kayan iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, leda ɗaya. Amma sabulun da Sama'ilu ke bayarwa ɗari huɗu da hamsin, a wurin Alhaji ɗari shida ne. Kwalbar man gyaɗa akwai ɗari biyar a tsakani, ledar magi ɗari huɗu. Hatta ashana sai da Alhaji ya ɗora mata naira ashirin. Kowa ya sani, babu mai faɗa. Rabin garin danginsa ne, ɗaya rabin surukansa, kuma a wajensa duk wanda ya tsallake shagonsa ya kai kuɗi wani wuri, to ya yanke zumunci. Shekara uku da suka wuce ya ga matar Malam Hadi da ƙullin sukari daga bakin kwalta. Da aka zo sunan jikansu sai ya ƙi zuwa, danginsa ma suka noƙe, aka yi ta bin gida-gida da waina don kada ta lalace.

Saboda haka mata suka samo dabara. In damina ta yi nisa, dawar Alhaji ta rufe, tsofaffi da zawarawa irin su Tani, waɗanda ba sa kulle, sai su sulale ta tsakiyar gonar su fita kwalta, su sayo nasu, su sayo wa matan kulle. Zakiyya ma akwai wani rabin kwanon sukari da take sayowa duk Juma'a, ba ta taɓa faɗin na wace ce ba. Wata huɗu ake yi ana shan iska. Ranar da aka sare dawa kuwa, kowace ta koma shagon Alhaji ta sunkuyar da kai ta biya. Shi kuma duk shekara yana gaya wa 'yan benci cewa da an yi girbi kasuwa take buɗewa, don kuɗi ya shigo hannun mutane. Bawan Allah, har hamdala yake yi.

"Ni fa zan tafi," Tani ta ce.

"Ina?"

"Inda na yi niyya."

Zakiyya ta kama mata gefen hijabi. "Ke kin manta ko ke wace ce a wurinsa? 'Yarki na gidansa da cikin wata tara. Har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba a kan wankan gida. Ki bari ya amsa tukuna mana."

Nan ne ciwon yake, Tani ta fi kowa sani. Nazira 'yarta ce ta fari, wadda ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce yarinyar nan. Bara aka aurar da ita ga Khamisu, ɗan Alhaji Sabo. Haihuwar fari kuwa a gaban uwa ake wankan jego, kwana arba'in cur. Tun da mijinta ya rasu Tani ke kwana ita kaɗai a gidan nan, kuma tun ranar da ta ji labarin cikin take shiri. Ta tara itace har ya kusa kai kan danga, ta aro babbar tukunya, ta daka yaji, ta sayi sabuwar tabarma ta jingine a bayan gado. Abin da ya rage kawai Alhaji ya ce to. Khamisu ba a maganarsa, shi ko hula zai canza sai ya ji ta bakin Baba.

"Na bari," in ji Tani. "Wata biyu ina bari. Kuɗin da ke bakin zanen nan, in na kai wa Sama'ilu, sabulu da omo da kanwa za su kai mu arba'in. In na kai shagon can, ko talatin ba za su gani ba. Kuma kin san suruki ba a tambayarsa nawa, balle a ce ya rage. Sai dai ki miƙa, ki karɓi abin da aka ba ki, ki yi godiya."

"Haka muke yi duk shekara, ba mu mutu ba."

"Tunkiyata ta mutu. Bara ita na kai Ɗanbatta don kada kaskon ƙosaina ya huce. Ba ciwo ta yi ba, Zakiyya, shagon can ne ya cinye ta ɗari-ɗari. Bana akuya ɗaya ta rage mini, ba kuwa zan sayar da ita don wani ya ƙara wa ƙofarsa fenti ba."

Zakiyya ta saki hijabin. Ta ce ita dai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta juya ta shige lungunta.

Tani ta gyara zaman daron, ta shiga gonar. Tsoro take ji, ba ta kuwa ɓoye wa kanta ba. Kututturan kara suna sukar ta ta gefen silifa, amma ba ta yi sauri ba, don kada a ce gudu take. Turbar da suka shekara suna bi a ɓoye ga ta nan a shimfiɗe, fes, kamar an share ta da tsintsiya. Tana kaiwa tsakiya ta ji rediyon Alhaji ya yi shiru. Ba ta waiwaya ba.

Sama'ilu yana zaune a kan buhun gishiri yana latsa waya. Da ya gan ta sai ya miƙe, ya leƙa bayanta ko akwai wasu.

"Inna, sannu da zuwa. Ba an ce mini jiya aka sare dawar ba?"

"An sare. Ƙafata ce ba a sare ba. Ba ni sabulu goma sha biyu, mai ruwan ɗorawar nan."

Ya yi dariya yana saukowa da kwali. "Ni ai da na ji an sa adda a gonar nan nake rage saro. Mutanen Tudun Marke sai kuma watan Agusta."

Ta zaɓi omo manya guda huɗu, da kanwa, da kwalbar man gyaɗa biyu na ƙosai, da magi, da gishiri. Kowanne sai ta juya shi, ta shinshina, ta ce ya yi tsada. Ya ce wallahi ribarsa a sabulu naira talatin ce, ta ce to ta bar masa goma, ya rage ashirin. Suka yi ta ja-in-ja har ya haƙura ya ɗora mata ashana biyu gyara. Ranta ya yi fari. Ashe ba rangwamen kaɗai take kewa ba, har da buɗe baki ta ce abu ya yi tsada.

"Wai ni kam, kai a ina kake samo naka da arha haka?" ta tambaye shi.

"Inda Alhajinku yake samo nasa. Layi ɗaya muke shiga a Kano, wani zubin ma mota ɗaya ke kawo mu. Ni dai ga shaguna uku a gefena, in na ɗaga, sai a matsa gaba." Ya jera mata kayan a daro, sannan ya jawo wani ƙullin harawa daga bayan ƙofa. "Bari in rufe miki da wannan. Duk wanda ya gani zai ce abincin akuya kika samo."

Tani ta dubi harawar. Da ta karɓa, da an sami abin fakewa. Alhaji zai san ƙarya ce, ita ma ta san ya sani, amma za a gaisa a rabu lafiya, kowa da mutuncinsa. Haka ake zama a Tudun Marke tun tana amarya.

"Sata na yi?" ta ce.

"A'a, Inna."

"To mayar da harawarka. Ɗora mini."

A bakin gonar hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa ƙyaurenta na baya, ɗaya ta bi ta gaban shago. Ta tsaya jim. Tunda ya riga ya gan ta, wuce suruki babu gaisuwa shi ne rashin kunyar gaske, ita kuwa ba a haife ta da rashin kunya ba. Ta bi ta gaban shago.

Mutum huɗu ne a bencin, har da Malam Hadi da Tahir mai faci. Tani ta cire silifa daga nesa, ta sauke daron, ta durƙusa. Sabulai goma sha biyu suna sama, rana tana haska su.

"Alhaji, barka da hantsi. An tashi lafiya? Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi." Idonsa na kan daron. "Innar Nazira, daga ina haka?"

"Daga bakin kwalta."

Tahir ya sami wani abu a tafin hannunsa ya shiga dubawa.

"Shagona ya ƙone ne ban sani ba?" Alhaji ya tambaya, murya a kwance.

"Allah ya kiyaye. Ga shi nan lafiyarsa ƙalau."

"To me ya rasa?"

"Bai rasa komai ba, Alhaji. Ni ce na rasa." Ta ɗauki sabulu ɗaya ta ɗaga. "Wannan nawa ne a wurinka?"

Alhaji ya ajiye rediyon a kan benci a hankali.

"Ke da kike surukata, ni kike tambaya kuɗin sabulu a gaban jama'a?"

"Shekara guda ban tambaya ba. Yau na tambaya."

"Ɗari shida ne, ki ji da kyau. Kin san nawa mota take karɓa daga kwalta zuwa nan? Kin san sau nawa ake buga mini ƙofa da asuba ana neman maganin ciwon kai? Wancan yaron na bakin titi, in an yi rasuwa a garin nan kin taɓa ganin ƙeyarsa? Ranar da Malam mijinki ya rasu, wa ya ba da likkafani?"

Maganar ta sokar mata zuciya, don gaskiya ce. Ta sunkuyar da kai.

"Kai ne, Allah ya saka da alheri. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma na ɗauka don Allah ka bayar. Ban san za a yi ta cire shi a jikin sabulu ba."

Malam Hadi ya yi tari, ya kawar da kai. Fuskar Alhaji ta haɗe.

"Duk faɗin garin nan ke kaɗai ce kayana suka yi wa tsada," ya ce. "Ga kaka ta yi. Ki zauna nan zuwa yamma ki ga yadda ake layi a ƙofar nan."

"Layi kam za a yi. Amma ba kuɗi ne ya shigo gari ba, Alhaji. Dawarka aka sare." Ta juya ta nuna gonar da haɓa. "Ka ga turbar can da ta ratsa tsakiya? Ba awaki ne suka yi ta ba. Wata huɗu ana bin ta safe da yamma. Ba zan kama sunan kowa ba, ni dai ga ni."

Alhaji ya dubi gonar. Shekara nawa yana nomanta, yana ganin turbar nan duk kaka, yana zagin Fulani da shanunsu. Ya bi ta da ido tun daga bayan gidaje har inda ta ɓace wajen kwalta. Sannan ya juyo ya dubi 'yan benci ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido, don babu gidan da bai ci miya da magin Sama'ilu ba.

"Na ji," ya ce. "Ki gaida gida."

"Gida zai ji. A huta lafiya."

Babu wanda ya taso ya ɗora mata. Ta durƙusa ta kinkimi daron da kanta, ta sa silifa, ta wuce.

Ko ruwa ba ta sha ba Zakiyya ta leƙo ta saman danga, labari ya riga ya iso.

"Kin kyauta, Tani. Kin tona mana asiri. Baɗi gyaɗa zai shuka a gonar nan, ki rubuta ki ajiye."

"To sai mu bi ta cikin gyaɗar, a tsaye."

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa. Yarinyar fa?"

Tani ta bar jikin dangar. Ta shiga ɗaki ta jera sabulan a ƙarƙashin gado kusa da tulun yaji. Ta jiƙa wake, ta share tsakar gida da ba ta da datti, ta ba akuya dusa sau biyu. Duk motsin da ta ji a zaure sai ta leƙa. Ba ta yi nadamar abin da ta faɗa ba, amma ta yi ta fatan a ce ita kaɗai zai shafa.

Bayan la'asar aka yi sallama. Hajiya Hure ce, uwargidan Alhaji, mahaifiyar Khamisu, mace mai jiki da ba ta cika fita ba. Tani ta shimfiɗa mata sabuwar tabarmar nan, ta kawo ruwa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi gajiya da girbi da ƙafar Hajiya mai ciwo. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf sannan Hajiya ta gyara mayafi.

"Aiko ni aka yi. Alhaji ya ce in gaya miki, Nazira a gidansa za ta yi wanka. Ni zan yi mata."

Tani ta ce to. Idonta ya sauka a kan tarin itacen da ke jikin danga. Wata uku tana tsinto shi, wani daga gonar marigayi Malam, wani ta saya, ta ware na marke gefe guda saboda ya fi riƙe garwashi. Ta riga ta zaɓi inda za ta kafa murhu, da inda za ta zauna ta riƙe jariri in uwar tana wanka. Ta ƙi yarda ta yi kuka a gaban suruka, sai ta shiga gyara bakin tabarma.

"Ita yarinyar ta ji?"

"Ta ji. Ta yi kukanta ta share. Na ce mata ko za ta aiko ki zo ki ba shi haƙuri, ta ce Innarta ba ƙarya ta yi ba."

Tani ta ɗaga kai ta dubi rufin rumfa, ta daɗe tana dubansa.

Hajiya Hure ta leƙa zaure, ta ga babu kowa. Ta matso, ta kwance bakin zanenta, ta fito da kuɗi a nannaɗe.

"Ni kuma ga nawa aiken. Tunda wankan a kaina ya faɗo, ina zan ga sabulun kwana arba'in? Ko ni da nake matarsa ɗari shida yake karɓa, wai kasuwa ba ta san gida ba. Zakiyya kuma ta ce ita ta ajiye tafiya sai baɗi."

"Zakiyya?"

"Wa kike tsammani take sayo wa rabin kwanon sukari duk Juma'a?"

Tani ta dube ta, Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Dariyar ta zo wa Tani tare da hawayen da take ta dannewa, ta bar su suka fito tare, ta share da bayan hannu.

"Kawo na sukari," ta ce. "Sauran ki mayar. Na wanka na riga na saya, ga shi can ƙarƙashin gado."

"To Allah ya yi albarka. In an yi magariba sai ki miƙo mini ta bayan dangarmu, a cikin buhu."

"Ba ta bayan danga ba, Hajiya. Ya ce ba za ta zo gidana ba. Ya ce kada in je in ga jikana?"

Hajiya ta yi tunani. "Bai ce ba."

"To itacen nan ba zai kai kansa ba. Dami ɗaya kullum, da kaina, har a yi arba'in. Sabulu a sama, sukarinki a gefe. In na iso in durƙusa in gaishe shi, kamar yadda aka koya mini."

"Ta ƙofar shago ke nan."

"Ai nan ce ƙofar gidanku."

Ta raka Hajiya bakin zaure, ta ƙulle kuɗin sukarin a zanenta. Da ta dawo sai ta zaro igiya daga rumfa, ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta fara da na marke.